Bukukuwa a Cikin Aji: Nazari kan Makarantun Majami'un Yahudawa a Amurka

Yaran Yahudawa da dama a Amurka makarantun gwamnati suke zuwa, inda ba a karantar da addini. Abin da suke samu na addininsu a makarantar majami'a suke samunsa, ranar Lahadi da safe, wasu kuma su ƙara da yammaci ɗaya ko biyu a tsakiyar mako, kamar dai yadda yaro ke tasowa daga boko ya wuce Islamiyya. Lokacin kaɗan ne, darussan kuwa ga su nan jibge: karatun Ibraniyanci, addu'o'i, labaran Attaura da tarihi. Amma abin da ya fi zama a zukatan yaran shi ne bukukuwa, kuma su ne ƙashin bayan manhajar ƙananan azuzuwa.

Wannan tsari ba daɗaɗɗe ba ne. A garuruwan Yahudawan Gabashin Turai, yaro kan wuni a gaban malami yana karatun littattafai, biki kuwa a gida da unguwa yake koyonsa, don kowa yi yake yi. A 1838 ne Rebecca Gratz ta buɗe makarantar Lahadi ta Yahudawa a Filadelfiya, ta ɗauko fasalin daga makarantun Lahadi na Kirista, ana koyarwa da Ingilishi, maza da mata tare. A 1910 Samson Benderly ya karɓi ragamar hukumar ilimin Yahudawa ta New York, ya dage kan horar da malamai da tsara manhaja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da iyalai suka watsu zuwa unguwannin bayan gari, sai majami'u suka zama masu riƙe da yawancin makarantun. Abin da dā gida ke yi, sannu a hankali ya koma hannun malamar aji.

Ƙarfin wannan koyarwa shi ne ta hannu da baki da kunne take shiga. A bikin sabuwar shekara, Rosh Hashana, yara kan tsoma yankan tuffa a zuma, su saurari busar ƙahon rago. A Idin Bukkoki sukan ƙawata bukkar da aka kafa a harabar majami'a. A Purim sukan yi shigar burtu, kowa da abin kaɗawa mai ƙara a hannu. Ana karanta labarin Esta, da zarar an ambaci sunan Haman, wazirin da ya ƙulla hallaka Yahudawan Farisa, sai ɗakin ya kaure da kwaramniya da buga ƙafa har sunan ya ɓace.

Idin Ƙetarewa, wato Pesak, ya fi kowanne nuna hikimar abin. Kafin bikin, makarantu kan shirya gwajin liyafar daren. A jera tebura, a ajiye gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci, da ruwan gishiri mai tuna hawayen bauta a Masar, a zuba wa yara ruwan inabi marar sa maye. Su yi ta bitar tambayoyi huɗu da ƙaramin cikin gida zai rera a daren, sannan su bazama neman gutsuren gurasar da aka ɓoye, wanda ya gano a ba shi tukuici. A nan makaranta ba ta ƙirƙiri komai ba. Littafin Talmud na malaman Yahudawa ya ambaci raba wa yara 'ya'yan itace masu ɓawo da gasasshen hatsi a wannan dare don kada su yi barci, su samu su yi tambaya. Tun asali da yaro aka gina bikin.

Sai dai inda ake da ƙarfin, nan raunin yake. Bikin da ke da wasa da zaƙi shi ke cin kasuwa. Hanuka ƙaramin biki ne a shari'ar Yahudawa, babu shi a cikin Attaura, ba a kuma hana aiki a kwanakinsa takwas. Amma da yake yana faɗowa kusa da Kirsimeti, ga kunna kyandirori ga kyaututtuka, ya zama gagarabadau a idon yara. Su kan haddace labarin man da ya yi kwana takwas yana ci, amma ba kasafai ake kai su ga rikicin da ya raba kan Yahudawan kansu kan rungumar al'adun Girkawa ba, kafin mayaƙan Yahudawa da ake kira Makabiyawa su sake tsarkake Haikali, babban wurin ibadarsu, a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka ma a Purim, akan tsallake ƙarshen labarin Esta mai cike da zubar da jini.

Kalandar makaranta ma tana yin nata ta'adin. Shabuwot, bikin tuna saukar Attaura, na daga cikin manyan bukukuwa uku na ziyarar Haikali, amma yana zuwa a Mayu ko Yuni, lokacin da zangon karatu ke ƙarewa. Tisha Be'ab, ranar azumi da makokin rushe Haikali, a Yuli ko Agusta take, makaranta a kulle. Yaran da suka san ta galibi a sansanonin hutun bazara suka gamu da ita, irin su Ramah da aka fara a Wisconsin a 1947.

Babbar matsalar ita ce yara da yawa na barin makarantar da zarar sun yi bikin balaga a shekara 13, daidai lokacin da hankalinsu ya isa ɗaukar batun tuba da hisabi na Yom Kippur, ranar azumin sa'o'i 25. Sai su girma da fahimtar ƙuruciya. Don haka majami'u da dama suka koma gayyato iyaye su zauna aji tare da 'ya'yansu, su tafi gida da abin da za su aikata.

Wannan ita ce hanyar da ta dace. Makarantar majami'a ta ƙware wajen sa yaro ya so biki, amma sa'o'i biyu ko uku na ranar Lahadi ba za su isa su sa shi ya fahimce shi ba, muddin ba a yin bikin a gidansu.