Raha da Tsoro a Wasan Eversion

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani iri da a ke kira wasan tsalle-tsalle, watau wanda mai wasa ya ke tafiyar da ɗan mutum-mutumi daga hagu zuwa dama, yana ƙetare ramuka, yana taka abokan gaba. Wanda ya kafa wa irin nan ƙa'ida shi ne Super Mario Bros., da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985: ga sararin sama shuɗi, ga kiɗa mai daɗi, ga gimbiya da za a je ceto. Da wannan siga ta zauna a zukatan jama'a, sai waɗansu masu zaman kansu suka shiga shirya gajerun wasanni suna yi mata shaƙiyanci. Abin da mu ke so mu auna a nan shi ne, ko tsoron da su ke ɓoyewa bayan raha fasaha ce, ko kuwa zamba ce kurum.

Misalin da ya fi dacewa shi ne Eversion, wanda Guilherme Töws, mutumin Burazil, ya fitar kyauta a 2008. Tauraronsa, Zee Tee, ɗan halitta ne mai kama da fure, ya fita neman gimbiya Nehema. Da fari kome murmushi ya ke yi, har abokan gaba. Amma akwai wuraren da hanya ta kan toshe, ba yadda za a wuce sai mai wasa ya latsa maɓallin da ke juya duniyar zuwa wata fuska. Juyi na farko ba ya tayar da hankali, gama gizagizai ne su ke daskarewa har a iya taka su. Fuskokin kuwa 8 ne, kowace ta fi ta bayanta muni. Launuka su dushe, kiɗa ya karkace, hannaye su riƙa fitowa daga ramuka, duwatsu masu daraja da a ke tsinta su zama ƙoƙunan kai. Daga ƙarshe gimbiyar ce ta ke rikiɗa dodanniya ta cinye mai cetonta. Wanda ya tara duwatsun nan 240 duka, ladansa shi ne ya ga Zee Tee shi ma ya zama dodo, sun zauna tare.

To, ina gwanintar ta ke? A ganinmu tana cikin maɓallin nan. A littafi ko majigi, mutum ɗan kallo ne, abin tsoro ya kan zo ya same shi. A nan kuwa shi da hannunsa ya ke ɓata duniyar, yana sane, don kwaɗayin ci gaba. Rahar farko ita ce ta sa ya saki jiki, har ya ƙaunaci abin da zai lalata. Idan muka gwada shi da waɗansu biyu za a fi gane wannan. Syobon Action, na Japan, 2007, raha ce zalla, tarko bisa tarko, mai wasa ya mutu ya yi dariya. Limbo, na kamfanin Playdead a Danmak, 2010, duhu ne tun daga ƙofa, da yaro da ƙaton gizo-gizo, ba wanda zai ce an yaudare shi. Eversion ne kaɗai a cikinsu ya mai da dariya tsanin hawa zuwa fargaba. Gajartarsa ma dabara ce, domin da ya yi tsawo da mai wasa ya saba da munin, tsoro ya koma aiki.

Amma fa yana da aibi guda biyu. Na ɗaya, ya tona asirinsa da wuri, gama tun a allon farko ya kawo maganar H. P. Lovecraft, marubucin labaran ban tsoro na Amurka, da gargaɗin cewa bai dace da yara ba. Gargaɗin wajibi ne, kuma malaman da ke horar da masu koyar da yara su lura da shi, don kyan launi ba shaida ba ne. Maganar Lovecraft kuwa ba ta ƙara kome ba sai rage mamaki. Na biyu, a fuskokin ƙarshe ya dogara ga jini da firgitarwa ta farat ɗaya, abin da kowane ɗan koyo zai iya. Tsakiyarsa ta fi ƙarfi, inda ba abin da ya faru tukuna, sai dai murmushin abokan gaba da ya gushe.

Saboda haka hukuncinmu shi ne fasaha ce, ko da ya ke ba cikakkiya ba. Mai nazarin adabi zai amfana da duba yadda wasan ya sa mai sauraro ya zama abokin laifin mai ba da labari, domin hanya ce da takarda ba ta iya bi sai da ƙyar.