Riƙon 'ya'ya: abin da labaranmu ke ɓoye wa zawarawa

A yawancin labaran da muke karantawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp, da zarar miji ya miƙa takardar saki sai ya ƙwace yara, uwa ta koma gidansu tana kuka. Marubuta na kawo wannan tamkar hukunci, alhali al'ada ce kawai. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci na Arewa ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In babu uwa, kaka ta wajen uwa ke biye, ciyarwa kuma tana kan uba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san wannan.

Mafitar da marubutanmu suka fi so kuwa ita ce attajiri ya auri jarumar, ya ƙwato mata 'ya'yanta. Sun manta cewa auren bare shi ke iya zubar da haƙƙinta na riƙo.

Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta nuna, a Alhaki Kuykuyo Ne, yadda Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan mijinta ya kore ta. Saura mu ga jarumar da za ta tsaya gaban alƙali da shaidu, da rasit ɗin makaranta, da katin asibitin yaro. Cikin masu karanta mu akwai zawarar da za ta gaskata labari, ta sallama ɗanta ba tare da ta taka kotu ba.