Sura da Haƙiƙa a Cinikin Gidaje: Sharhi a Kan Littafin Mahmoud El-Gamal

A shekarar 2006 maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar da littafin Islamic Finance: Law, Economics, and Practice, na Mahmoud El-Gamal, masanin tattalin arziki a Jami'ar Rice ta Amurka. Jigon littafin shi ne cewa da yawa daga mu'amalolin bankunan Musulunci bashin ruwa ne da aka tufatar da rigar ciniki. Banki zai sayi gida ya sayar wa mai nema ta hanyar murabaha, ko ya ba shi ijara, amma ribarsa da ma'aunin kuɗin ruwa ake ƙiyasta ta, sannan a ɗora wa mai saye ladan lauyoyi da na malaman da suka tantance yarjejeniyar.

Abin da ya biyo bayan fitowar littafin ya ƙarfafa hujjarsa. Lokacin da kasuwar gidajen Amurka ta rushe a 2008, an yi ta cewa tsarin Musulunci ya kuɓuta. Dubai ta ƙaryata wannan zato. A watan Nuwamban shekarar aka dakatar da cinikin hannun jarin Amlak da Tamweel, manyan kamfanonin samar da gidaje bisa Shari'a a masarautar. A Disambar 2009 kuwa, sai da Abu Dabi ta kawo ɗaukin dala biliyan 10 kafin a biya sukukin kamfanin Nakheel. Sunan aƙadi bai kare dukiyar kowa ba sa'ad da farashin gidaje ya faɗi.

Sai dai littafin yana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, ya rage wa sura daraja fiye da kima. A wurin fuƙaha'u, abin da ke raba ciniki da bashin ruwa shi ne lamuni: wa zai ɗauki asara idan gidan ya ƙone ko ya rushe alhali yana mallakar banki? Idan bankin ya ɗauke ta da gaske, ribarsa halal ce ko da ta yi daidai da kuɗin ruwa a lissafi. Aibin yana wurin masu rubuta mallaka a takarda su mayar da dukkan haɗari kan mai saye.

Ta biyu, maganin da ya gabatar, wato cibiyoyin kuɗi mallakar masu ajiya da masu karɓa, bai wadatar shi kaɗai ba. Gaskiya ne Northern Rock ta Birtaniya ta bar wannan tsari a 1997 ta durƙushe a 2007, amma Dunfermline, wadda ta tsaya a kansa, ita ma ta faɗi a 2009. Gyaran da Birtaniya ta yi daga baya ya shafi mai ba da shawara. Daga ƙarshen 2012 aka hana shi karɓar la'ada daga kamfanin da ya tallata wa mutane hajarsa ta zuba jari, a 2014 kuma aka wajabta bincikar ko mai neman bashin gida zai iya biya. Wannan ba baƙo ba ne ga ɗalibin hadisi, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke ɗora amana a wuyan duk wanda aka nemi shawararsa.

A Nijeriya, inda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wannan tambaya tana nan a gaban malamai. Fatawar halaccin aƙadi ba ta gaya wa ma'aikaci ko albashinsa zai ɗauki biyan shekara goma. Wajibi ne kwamitocin Shari'a su duba wanda ke ba talaka shawara, da kuma aljihun da ladansa ke fitowa. Littafin El-Gamal ya cancanci karatu a azuzuwan fiƙihun mu'amalat, amma a karanta shi tare da babin lamuni a hannu.