Ba Boka Ne Ya Aike Shi Ba: Sharhi A Kan Kashin Farko Na Wasan Macbeth

Mai karatu, sau nawa ka kalli fim ko ka karanta littafin Hausa, mutum na zaman zamansa da kirkinsa, sai a nuno wata ta shiga kogon boka, a barbaɗa masa magani a tuwo, gari na wayewa ya tashi mugu? Idan an zo ƙarshe a karya asiri, ya fashe da kuka ya ce wallahi ba ya cikin hayyacinsa, kowa ya yafe masa. Laifi ya koma kan boka, shi kuwa gogan naka ya fita fes. A wannan watan ina so mu duba wani tsohon wasan kwaikwayo wanda shi ma da matsafa ya buɗe, amma marubucinsa ya hana tauraronsa wannan mafaka.

Wasan shi ne Macbeth, mu kira shi Makbet, na Wiliyam Shekspiya, mutumin Ingila da ya rayu daga 1564 zuwa 1616. Ya rubuta shi wajen 1606, aka fara buga shi a 1623. Kashi biyar ne, amma na farko kawai za mu ɗauka, mai fitowa bakwai. Duk tsawon wannan kashi ba a taɓa Sarki Dankan na Sikotlan ba, kisansa sai a kashi na biyu. Abin da ake nuna mana a nan shi ne yadda mutum yake kai kansa bakin ƙofar ɓarna da ƙafarsa.

Fitowa ta farko 'yar gajeruwa ce, ba ta fi layi goma sha 'yan kai ba. Ana tsawa da walƙiya, wasu tsofaffin mata uku suna shawarar inda za su tari Makbet bayan an gama yaƙi. Wasu kan ce musu mayu, amma ba masu kama kurwa ba ne irin namu, sun fi kama da 'yan duba masu tsafi. Kafin su ɓace sai da suka cakuɗa kyau da muni a cikin zancensu. Ka riƙe wannan, domin maganar farko da za ta fito daga bakin Makbet a wasan, a fitowa ta uku, da waɗannan kalmomi biyu ya siffanta ranar, alhali bai ko gan su ba tukuna. Ashe tun kafin a haɗu, bakinsu ya zo ɗaya.

A fitowa ta biyu ma ba mu ga Makbet ba, labarinsa muka ji. Wani soja jina-jina ya zo yana gaya wa sarki yadda Makbet ya keta rundunar 'yan tawaye, ya tsarge shugabansu daga cibiya har muƙamuƙi, ya kafe kansa a bisa ganuwa. Sarki ya yi ta sa albarka. Nan take ya ba da umarni a kashe hakimin Kodo, wanda ya ci amana ya haɗa kai da Sarkin Norwe, a naɗa Makbet a madadinsa. Abu biyu marubucin ya dasa a nan ba tare da ya yi mana wa'azi ba. Na ɗaya, hannun mutumin nan ya saba da jini, kuma yabo yake samu a kai. Na biyu, rawanin maci amana aka naɗa masa.

Fitowa ta uku ita ce cibiyar kashin. Matsafan suka tari Makbet da abokinsa Banko a daji, suka gaida Makbet da sarauta uku: hakimin Gilamis, wadda ya riga ya gada, da hakimin Kodo, da kuma sarkin gobe. Mu 'yan kallo mun san ta biyun an riga an yanke ta a fada, shi ne bai sani ba. To yanzu ka sake karanta zancen matan nan da kyau. Ko sau ɗaya ba su ambaci kisa ba, ba su ba shi laya ba, ba su ce ya yanka baƙin bunsuru ba. Albishir suka yi masa. Amma sai ya zabura kamar wanda aka kama da kayan sata, har Banko ya tambaye shi dalilin razana da labari mai daɗi. Wanda bai taɓa kwana da tunanin gadon sarauta ba dariya zai yi.

Banko kansa an yi masa nasa albishir, cewa ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za ta yi. Me ya yi? Gargaɗi ya yi wa abokinsa, cewa shaiɗanu kan faɗi 'yar ƙaramar gaskiya don su ja mutum zuwa babbar halaka. Mutum biyu, wuri ɗaya, magana iri ɗaya, amma ɗaya ne kawai ta kama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da manzannin sarki suka iso da labarin sarautar Kodo, Makbet ya koma gefe yana magana da zuciyarsa, kuma a nan ne maganar kashe sarki ta fara ɓullowa, daga bakinsa shi kansa. Matarsa ko fitowa ba ta yi ba a lokacin. Har ya ɗan yi wa kansa nasiha, cewa idan rabo ne zai zo ba sai ya motsa ba. Ka ga ya san hanyar haƙuri, ba ɓace masa ta yi ba.

Haƙurin bai kai ko'ina ba. A fitowa ta huɗu sarki yana juyayin tsohon hakimin Kodo, yana cewa ya amince da shi ƙwarai, kuma ba a gane zuciyar mutum daga fuskarsa. Mu a nan mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, Dankan kuwa ya gano ba kullum ba. Yana rufe baki sai ga Makbet ya shigo, ya tarbe shi da murna. Duk daraktan da ya san aikinsa zai yi sha'awar wannan shigowa, don ta faɗi abin da dogon bayani ba zai faɗa ba. Sai sarki ya ayyana ɗansa Malkam a matsayin mai jiran gado. Nan Makbet ya ga rabon ba zai zo da kansa ba, ya fara roƙon taurari su dushe kada a ga abin da ke ransa.

Sai a fitowa ta biyar uwargida ta bayyana, tana karanta wasiƙarsa. A nan ne masu cewa duk sharri daga mata yake suke samun abin kamawa, kuma ba zan wanke ta ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ita ce ta kira aljanu su cire mata tausayin mata, ita ce ta koya masa ya saki fuska ya ɓoye dafi. Amma wa ya aiko da wasiƙar? Kuma me ya sa sai da ta nemi taimakon aljanu kafin zuciyarta ta bushe, alhali shi tunanin ya zo masa ba gayyata? Bayan wannan sai sarki ya iso gidansu a fitowa ta shida, yana yaba daɗin iskar wurin, ita kuma tana ta yi masa lale marhabin. Tsohon nan yana yabon gidan da zai mutu a cikinsa, mu muna kallo ba halin mu gaya masa.

Fitowa ta bakwai ita ce ta rufe wa Makbet kowace ƙofar uzuri. Ya bar sarki a wurin liyafa ya fito shi kaɗai, ya jera wa kansa dalilan da suka hana. Sarkin ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne da ya kamata ya tsare, kuma adali ne wanda mutuwarsa za ta sa kowa kuka. Da ya nemi dalili ɗaya na aikatawa bai samu ba sai tsabar buri, kuma ya faɗa da bakinsa. Ya ce wa matar an fasa. Ita kuwa ba ta yi musu da shi a kan halal da haram ba, mazantakarsa ta taɓa. Ta kira shi matsoraci, ta tuna masa cewa shi ya fara kawo mata zancen, ta ce da ita ta yi rantsuwar da ya yi, da ta hallaka jaririn da ke bakin nononta kafin ta saɓa. Amsar da ya bayar ita ta tona shi, don ba zancen zunubi ya sake ɗagowa ba, tambaya ya yi ko mene ne zai faru idan abin bai yi nasara ba. Da ta kawo dabarar bugar da dogarawan sarki biyu da giya a ɗora musu laifin, shi ne ya ƙara da cewa a yi amfani da wuƙaƙensu a shafa musu jinin. Wanda aka tilasta ba ya gyara shiri.

Idan akwai inda zan ɗaga wa Shekspiya yatsa, to a nan ne. Saurin juyawar Makbet daga "an fasa" zuwa "na shirya" ya yi yawa, cikin 'yan mintoci kaɗan. A takarda abin yana ɗan tsaya wa mutum a wuya. Sai ɗan wasan da ya nuna tun farko cewa fasawar ta fatar baki ce zai iya sa mu yarda.

Kada ka ɗauka haka tarihi ya zo da labarin. Makbet na gaske a fagen fama ya kashe Dankan a 1040, ya yi mulki har 1057. A littafin tarihi na Holinshed, inda Shekspiya ya ɗauko labarin, Dankan sarki ne mai rauni, kuma da hannun Banko a kisan. Marubucin ya wanke Banko, wataƙila don Sarki Jemis da ya hau gadon Ingila a 1603 ana danganta zuriyarsa da shi, ya kuma mai da Dankan mutumin kirki. Ko mene ne dalilinsa, sauyin ya bar Makbet tsirara ba hujja. Masu son finafinan Indiya su gwada da Maqbool na 2003, wanda Vishal Bhardwaj ya gina a kan wannan wasa. Ya mai da labarin cikin 'yan daban Mumbai, matsafan suka zama 'yan sanda biyu, Om Puri da Naseeruddin Shah. Ya kuma ƙara soyayya, domin Tabu farkar ubangidan ce da ke son Irrfan Khan. Fim ne mai kyau, amma ya ba tauraronsa dalili na biyu, abin da Shekspiya ya ƙi yi.

Darasin ga marubutanmu da daraktocinmu ke nan. Ban ce a daina sa boka a labari ba, yana cikin rayuwarmu. Amma idan boka ne ya yi komai, mai kallo zai tashi yana tsoron maƙwabcinsa da kishiyar uwarsa, ba zai taɓa tsoron zuciyarsa ba. Wanda ya karanta kashin farko na Makbet kuwa, ko ɗan siyasa ne da malamin duba ya yi wa albishir da kujera, ko yaron shago ne da ke hangen dukiyar maigidansa, dole ya tambayi kansa abin da zai yi idan aka ce masa gobe tasa ce. A nemi wasan a karanta, kashin farkon ba ya cin awa guda. Wanda ya ga na zalunci Makbet ko na sassauta wa uwargidansa, filin wasiƙu a buɗe yake.