'Yan Acaɓa da Kuɗin Goro: Wanda Ake Yi Musu da Wanda Suke Yi

Da wuya a samu gida a Mayo Gwoi da babur bai taɓa ciyar da shi ba. Wani da kuɗin acaɓa ya yi aure, wani da shi ya biya wa ƙaninsa kuɗin makaranta, wani kuma da shi ya haɗa jarin shagon da yake zaune a ciki yau, ana ce masa Alhaji. Duk da haka, in ana son a zagi yaro a unguwar nan, sai a ce tarbiyyarsa kamar ta ɗan acaɓa. Wannan magana tana bukatar a tsaya a duba ta, domin akwai zalunci a cikinta, akwai kuma gaskiyar da su masu sana'ar ba sa son ji.

Mu fara da yadda aka yi babur ya zama abin tuhuma a garin nan. Ranar 30 ga Afrilun 2012 aka kai harin bam kan ayarin Kwamishinan 'Yan Sandan Taraba a cikin Jalingo, aƙalla mutum 11 suka rasu, rahotanni kuma suka ce maharin a kan babur ya zo. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin marigayi Ɗanbaba Suntai ta hana hawa babur a cikin gari. Tun daga lokacin dokar takan yi sanyi, sai wani abu ya faru a sake ɗaure ta. A farkon 2024 ma gwamnatin Agbu Kefas ta sake jaddada haramcin, ta kuma yanke wa Keke Napep lokacin aiki da dare. Da yawa daga cikin direbobin keken da muke shiga yau tsofaffin 'yan acaɓa ne ko 'ya'yansu. Sauran sun koma gefen gari, suna jigilar mutane da kaya zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Saboda haka in na ce ɗan acaɓa a wannan rubutu, har da ɗan'uwansa mai ƙafa uku nake nufi, don halin ɗaya ne, kallon da ake musu ma ɗaya ne.

Ba Jalingo kaɗai abin ya shafa ba. Maiduguri ta hana babur a 2011. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Ado Bayero. A kowane wuri lissafin iri ɗaya ne: mutum biyu ko uku sun yi ta'asa a kan babur, dubbai sun rasa abincinsu. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira kuɗin goro, a haɗa mai laifi da marar laifi a yi musu farashi ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce gwamnati ta naɗe hannu alhali ana kashe mutane. Amma dokar da aka yi don gaggawa ta shekara fiye da goma tana nan, kuma har yau magidancin da ya sayi roba-roba don kai 'ya'yansa makaranta matsayinsa ɗaya a idon doka da ɗan fashi.

Mu Hausawa mun san zafin wannan kuɗin goro in a kanmu ya faɗo. A watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka yi ta yaɗa hotunansu kamar an kama mayaƙa, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. Neman abinci ya kai su. A lokacin babu majalisar shayi a unguwar nan da ba a yi Allah wadai ba. Kowa ya ce an wulaƙanta su ne saboda 'yan Arewa ne, saboda a can kalmar “aboki” ta zama zagi.

To amma mu a gida yaya muke yi? Yaro ya zo neman aure, mai sallah, mai riƙe iyayensa, da an ji cewa keke yake ja ko acaɓa yake yi, sai fuskar waliyyi ta canza. A ba wanda ba shi da aikin fari balle na baƙi, don dai yana sa shadda mai sitaci. An yi sata a layi, tun kafin a bincika an ce ai 'yan baburan nan ne. Mai mota ya sauke gilashi ya auna wa dattijo mai furfura ashar saboda kawai a kan babur yake. Hajiya ta shiga keke ta yi tafiyar da aka yi ciniki, a wurin sauka ta rage kuɗin, in ya yi magana ta ce dama ku haka kuke, ba ku da kunya. Mutumin nan kuwa tun asuba ya fito, akwai balas ɗin mai abin hawa a wuyansa, akwai tikitin ƙungiya, ga man fetur da ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Abin da muka yi kuka an yi wa 'yan Jigawa a Legas, shi muke yi wa ɗan maƙwabcinmu a Mayo Gwoi.

Kuma in za a faɗi gaskiya, akwai zumunci a tsakanin masu wannan sana'a wanda da wuya ka same shi a wajen 'yan kasuwa ko ma'aikata. Babur ɗin ɗaya ya mutu a hanyar Sunkani, na bayansa ba zai wuce ba sai ya tsaya, ko ya ba shi fulogi, ko ya tsiyaya masa mai a gora, ko ya sa ƙafa ya turo shi har wurin bakanike. Ɗaya ya yi haɗari, kafin danginsa su ji labari abokan tasharsa sun kai shi asibitin FMC, sun yi karo-karo sun sayi magani. Suna adashi, suna zuwa suna da biki da jana'izar juna. Yawancin lokaci in mota ta kaɗe mai tafiya a ƙafa, ɗan acaɓa ne ke fara ɗaukarsa, sauran jama'a kuwa sun zaro waya suna ɗaukar hoto. A tashar babur za ka ga Bahaushe da Bafulatani da Mumuye da Jukun Kona suna cin rake ɗaya suna tsokanar juna. Wannan abin a yaba ne, a gari irin namu da siyasa ta sha raba mutane ta hanyar ƙabila da addini.

Matsalar ita ce wannan zumuncin shi ne kuma yake rikiɗewa ya zama taron dangi. Mai mota ya goga ɗan acaɓa, cikin minti biyu babura ashirin sun kewaye shi. Babu mai tambayar wa ya shiga hannun wani, wa ya yi wan-we, wa ya fito daga lungu ba tare da ya duba ba. Tunda namu ne, shi ke da gaskiya. A fasa gilashi, a ci kwalar mutum a gaban iyalinsa, a tilasta masa biyan kuɗin gyaran da ya ninka ɓarnar. Wannan ma ai kuɗin goro ne: duk mai mota azzalumi, duk ɗan acaɓa abin tausayi. Mafi muni shi ne in an yi ihun ɓarawon babur. Satar babur masifa ce, don sau da yawa ɓarayin har rai suke ɗauka, amma duka kafin bincike ya sha hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. A Legas, kisan da aka zargi wasu 'yan acaɓa da yi wa wani matashi a Lekki a Mayun 2022, kan rigimar canji, shi ya ba gwamnati hujjar hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin shekarar. Fushin mutum kaɗan na minti goma ya kori dubbai daga titi, akasarinsu 'yan Arewa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle in sauran waken sun taru suna kare shi.

Sai batun ladabin hanya, wanda nan ne korafin jama'a ya fi ƙarfi, kuma suna da hujja. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu a kan babur, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Salansa an fasa ta da gangan, ana bi ta gaban masallaci ana cikin sallah, ko ta ƙofar gidan da ake zaman makoki. Goyon mutum uku da buhun masara. Tsayawa a tsakiyar titi don an hango fasinja, ba sigina ba komai. Wasan ganganci a rakiyar amarya, a ɗaga tayar gaba a cikin lungun da yara ke wasa. Matar aure ta hau, ana taka birki da gangan, ko a yi ta jan ta da zancen banza. Direban keke ya ƙure kiɗa, dattijo ya ce Malam a rage, ya ce Baba in ba ka so ka sauka. Da damina a watsa wa mai tafiya a ƙasa ruwan kwata a wuce ko sannu babu. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta hular kwano daga 1 ga Janairun 2009, wasu a Arewa ƙwarya da robar fenti suka riƙa kifawa a ka, ana ta dariya. Dariyar ta ƙare a ɗakin masu karaya, kai kuwa ba ya ɗoruwa kamar ƙafa.

Akwai kuma wariyar da take ɓoye a cikin sana'ar kanta. Duk da cin rake tare, in rikici ya tashi a gari, wani direban ba zai kai fasinja wata unguwa ba saboda sunan unguwar, wani fasinjan kuma sai ya leƙa fuskar direba ya ga ko nasu ne kafin ya shiga. Tsofaffin tasha suna kallon yaran da suka zo ci-rani daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a matsayin masu ɓata musu suna, su kuma 'yan ci-ranin suna ganin an tsane su ne don sun fi juriya. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar Muri da fatauci da almajiranci, aka ba su wurin zama, bai kamata a ji kalmar “baƙo” a bakinmu da sigar raini ba. Abin da ya dace a tambayi sabon zuwa shi ne wa ya san shi, wa zai tsaya masa, ya iya tuƙi ko bai iya ba.

Hana sana'a gaba ɗaya ba ita ce kaɗai hanya ba. A Kigali, babban birnin Ruwanda, babura ne ke ɗaukar jama'a da yawa, amma kowane direba yana da riga mai lamba, yana da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja, kuma mutum ɗaya ake goyawa. In ya yi laifi, lambarsa za a bi, ba a rufe sana'ar kowa ba. Rajista da lamba su ne maganin kuɗin goro, domin suna ba kowa sunansa da laifinsa. Abin da gwamnatin Taraba ya kamata ta sa ƙarfinta a kai ke nan, maimakon kame da ƙwace da ke ƙarewa a “kawo wani abu”.

Sai dai gwamnati ba za ta saurari wannan roƙo ba matuƙar shugabannin tasha aikinsu yankan tikiti ne kawai. Ciyaman da sakatare, kuɗin da kuke karɓa kullum amana ce. Ƙungiyar da za ta iya tara babura hamsin don rakiyar ɗan siyasa za ta iya dakatar da memba ɗaya na mako guda in ya zagi fasinja, za ta iya hana yaro ƙarami hawa, za ta iya kafa dokar cewa in an yi haɗari mutum biyu ne za su tsaya, sauran kowa ya kama gabansa. Ranar da aka ga 'yan acaɓa da kansu sun ce wa nasu kai ne ba ka da gaskiya, ba Alhaji haƙuri, ranar mutuncin sana'ar zai fara dawowa.

Mu kuma jama'ar unguwa, da mai unguwa da limamai da iyaye, namu aikin bai fi mu daina yanke wa mutum hukunci da abin hawansa ba. A yi wa direba sallama kafin a faɗi inda za a je, a biya abin da aka yi ciniki, in ya zo neman aure a binciki halinsa kamar yadda za a binciki na ma'aikacin banki. Wanda ya fito cikin rana da ƙura yana neman halak ya fi ƙarfin a mayar da sunan sana'arsa abin zagin yara. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba kowa halalinsa.