Zaɓen Finafinan Hausa Domin Nazari a Aji

Gabatarwa

Wani tsohon ɗalibina da ke koyar da Hausa a yankin Garbadu, cikin ƙasar Talatar Mafara, ya nemi in zaɓo masa finafinan da suka cancanci a nuna wa ɗalibai. Na ga ya kyautu in ba da amsa a wannan mujalla, domin tambayar ta shafi malamai da dama. Ma'aunin da na bi guda ne, wato fim ya iya tayar da muhawara a kan rayuwar masu kallonsa. An ɗauko misali ɗaya daga kowane rukuni.

Faɗakarwa

A fara da Baban Larai (1955), wanda hukumar Jihar Arewa ta shirya domin kwaɗaitar da manoma ga noman auduga, aka riƙa yawo da shi ƙauyuka a majigi. Amfaninsa a yau shi ne ɗalibi ya gane yadda hukuma ke yi wa talaka magana. Manomin kirki a cikinsa shi ne mai bin umurnin malamin gona. Sai malami ya tambayi aji: ina muryar manomin da bai yarda ba?

Tarihi

Shaihu Umar (1976), wanda Adamu Halilu ya ba da umurni, ya samo asali daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jigonsa bauta ne da raba ɗa da mahaifiya. Tafiyarsa tana da nawa, amma Hausarsa tatacciya ce, kuma tufafi da gaisuwa da zaman fada duk an kyautata su. An gyara shi, aka sake nuna shi a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Ya dace a kalle shi bayan an karanta littafin, a auna abin da hoto ya ƙara da abin da ya rage.

Siyasa

Ƙasarmu Ce (1991) na Sadiƙ Ɓalewa shi ne na fi ba wa ƙarfi. Labarin wani attajiri ne da ya yi yunƙurin mallake filayen ƙauye bayan ya san akwai duwatsu masu daraja a ƙarƙashinsu. Ɗalibin Mafara ko Bakura ko Maradun ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Iyayensa sun shaida abin da ya auku a Bakolori a watan Afrilu na 1980, lokacin da aka murƙushe manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka yi asarar rayuka. Haka kuma ya ji labarin gubar dalma da ta hallaka yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ta dalilin haƙar zinariya. Raunin fim ɗin shi ne mugu ya cika mugunta, har ba a ga yadda talaka kan sayar da ɗan'uwansa ba sosai. Duk da haka, ya riga zamaninsa.

Soyayya

Sangaya (1999) labarin ɗan sarki ne da wata baiwar gidan sarauta. Masu suka sun ce rawa da waƙarsa aro ne daga Indiya, kuma da gaskiyarsu. To amma aron da ya sami karɓuwa haka abin nazari ne. A kwatanta waƙoƙinsa da na Musa Ɗanƙwairo Maradun, a ga bambancin fadar fim da fadar gaske.

Barkwanci

Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ba su da ƙwaƙƙwaran zubi, amma taska ce ga mai nazarin harshe. Kwaikwayon Hausar baƙi da habaici da gatse sun nuna shi magajin 'yan kama ne. Sai dai a ja hankalin ɗalibai su rarrabe raha da wulaƙanta wata ƙabila.

Kammalawa

Akwai giɓi a wannan zaɓe, kuma wajibi ne a faɗe shi. Sana'ar fim ta yi kaka-gida a Kano, shi ya sa Kananci ya yi rinjaye, har karin harshen yamma aka fi jin sa a bakin masu ban dariya. Ɗalibin Garbadu zai kalli waɗannan finafinai bai ji irin maganar kakarsa da mutuncinta ba. Saboda haka, bayan kallo, a umurci ɗalibai su tattaro labarin Bakolori daga bakin dattawa, su rubuta shi a matsayin wasan kwaikwayo cikin Zamfarci. In an yi haka, kallo bai zama na banza ba.