Haƙarƙarin San da Ya Sha Tafiya

Ranar da na fara gasa haƙarƙarin sa da hannuna baƙi huɗu na tara, kuma Allah ya taimake ni dukansu masu kara ne, shi ya sa ba wanda ya tofar. Suka tauna, suka tauna, suka kora da ruwa, suka ce Allah ya amfana. Ni kuwa ban kauce wa ƙa'ida ko taku ɗaya ba, yadda na gan ta a wani littafin girkin Amurkawa: zafi kaza, minti kaza, a sauke da zarar cikin naman ya kai digiri 55. Da na sa wuƙa sai ga shi jawur yana tsattsafo da ruwa, ga tauri kamar ƙiri. Labari ya kai kunnen Gwaggo a Kalabi, ta yi dariya har da hawaye. "Jikan mahauci guda!" in ji ta. Ta aiko a gaya mini in same ta a Zango ranar Talata da asuba, in zo da kuɗin nama, in bar littafin a gida.

A Zangon Kwatano aka haife ta, a wani lungu kusa da babban masallaci. Kakanmu fawa yake yi da safe, da la'asar ya kafa tukuba. Mutanen gari cacanga suke ce wa gasasshen namanmu, kuma har gobe duk wanda ƙwalamar nama ta kama da dare, Bafon ne ko Bayarabe, hayaƙin Bahaushe yake bi. Mace ba ta tsayawa a tukuba, amma ita ce mai dakan yaji, ita ce mai naɗe ƙunshin nama a takarda, don haka abin da 'yan'uwanta maza suka koya da hannu ita ta kwashe shi da ido. Aure ya kai ta Abome-Kalabi, garin jami'a da ke gefen tafkin Nokuwe. Tsakaninsa da Zango bai kai kilomita 20 ba, ko da yake cunkoson Godome kan mai da shi tafiyar awa guda. Duk da haka in nama na girma za ta saya, Zango take komawa.

Dalilin sammakon na gane shi da muka isa. Mahautanmu da adda suke aiki, kafin hantsi sun sassare sa gunduwa-gunduwa don masu sayen kilo da rabin kilo, ƙashi da tsoka duk a gwamutse. Mai son haƙarƙari ɗungurungum sai ya riga adda.

"Sarkin Fawa, an tashi lafiya?"

"Hajiya, barka da asuba. Yau kuma me za a ba ki?"

Ba ta amsa ba, sai ta ɗora yatsa a kan awazar da ke rataye tana ƙirgawa daga wajen kafaɗa. Sa yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe. Na farko-farko suna ƙarƙashin kafaɗa, inda aiki ya fi yawa, jijiya ta fi yawa. Daga na shida zuwa na goma sha biyu shi ne yankin da Turawa ke ware wa gashi, kuma abin mamaki daidai nan yatsan Gwaggo ya tsaya, ita da ba ta taɓa buɗe littafinsu ba. Ta zaɓi ƙashi uku haɗe da tsokar gadon baya da ke samansu, kilo uku da ɗan ɗoriya. Ta danna kitsen da babban yatsa, ta shinshina. "Kada ka sare mini shi, kuma ka bar mini kitsena yadda Allah ya ɗora shi."

A cikin mota ta tambaye ni, san littafinka daga ina ya zo? Na ce ban sani ba. Ta ce to ni na san nawa. Shanun da ake yankawa a Kwatano galibi daga arewa suke gangarowa, daga Borgu da Alibori, ta kasuwanni irin na Gogunu da Faraku, wasu ma daga hayin Malanbil, fiye da kilomita 700 daga bakin teku. Motar da ta kawo su ita ce kaɗai hutun da suka taɓa samu. Kafin nan shekara da shekaru suna bin makiyayi, rani a gangara kudu neman ciyawa, damina a koma. Wani ma san noma ne da ya gama jan garma. Shanun Amurka kuwa yawanci ba sa cika shekara biyu ake yanka su, bayan sun yi watanni a tsaye suna cin masara, kitse ya ratsa tsokarsu zare-zare. Irin wannan naman ko an sauke shi da ja a ciki yana taunuwa. Namu ya fi shi ɗanɗano nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, sai dai kowane taku da san ya yi yana nan rubuce a jikin tsokarsa.

Mun isa gida ina ɗokin a hura wuta, sai ta goge naman da tsumma mai tsabta, ta ɗora shi a faranti ta tura can ƙasan firij. Sai Juma'a. Nan ne ta saɓa wa al'adarmu ta son naman yau. 'Yan awoyi bayan yanka tsoka takan sandare, kuma wanda ya gasa ta a wannan hali ya gasa igiya. In aka bar ta cikin sanyin da bai wuce digiri 4 ba, wasu sinadarai na cikin tsokar kanta sukan shiga warware zaren a hankali. Kwana uku ya ishe ta. Na kawo maganar kanwa da ganyen gwanda, ta yatsine fuska. Kanwa tana sa laushi, amma tana baƙanta nama ta bar masa santsi da ɗanɗanon sabulu. Ganyen gwanda kuwa aikinsa a fatar sama yake tsayawa, ya lallasa waje ya bar ciki yadda yake.

Daren Alhamis ta shafe shi da gishiri, misalin giram 10 a kowane kilo, ta mayar ba rufi. Da safe ta jajjaga tafarnuwa da ɗanyar citta da masoro da kimba biyu da kanumfari ƙwaya huɗu, ta kwaɓa da man gyaɗa, ta tsattsaga kitsen da bakin wuƙa ta cusa. Yajin ƙuli ba ya shiga yanzu. Ƙuli-ƙuli in ya daɗe a wuta ɗaci yake yi, wurinsa gefen faranti.

Sai tukunyar. Wani dogon akwatin ƙarfe ne mai murfi, da kwanon tasa a ciki da 'yar raga, cikinsa na ɗaukar kusan lita 17. Amurkawa suka ƙirƙiro irinta tun shekarun 1930, kamfanin Nesco na cikin waɗanda suka fara, kuma su talotalon biki suka fi gasawa a ciki. Ta Gwaggo ta gwanjo ce, irin kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano. Mai sha'awar saye ya duba bayanta da kyau: ta Amurka wutar 120 take ci, tamu kuwa 220 ce, in ba a haɗa ta da taransifoma mai ƙarfi ba, jonawa ɗaya ta zama kwandon ajiye albasa. Lambobin jikinta ma na ma'aunin Amurka ne. Gwaggo ta ɗiga jan farce a kan 250, wanda ya yi daidai da digiri 120 a namu lissafin, kuma da wuya maɓallin ya bar wurin.

Halin tukunyar shi ne zafinta daga bango yake fitowa, murfinta kuma yana kusa da naman, tururi ba ya samun hanyar fita. Masu gashin talotalo suna kukan ba ta soya fata. Gwaggo kuwa da ta fara ganinta cewa ta yi, ai wannan ƙunshin Baba ne. Duk wanda ya san tukuba ya san akwai naman da ba a ɗora shi kan harshen wuta. Ana naɗe shi da albasa a takarda mai kauri da aka shafa wa mai, a tura shi gefe inda zafi ke da sauƙi, a manta da shi tun la'asar har bayan isha'i, ya dahu da ruwan jikinsa. Abin da kakanmu ke yi da takarda da toka mai ɗumi, shi wannan akwati ke yi da lantarki, ba tare da an tashi gyara itace ba.

Ta shimfiɗa manyan albasa huɗu a gindin kwanon, ta zuba ruwa kofi ɗaya, ta ɗora raga. Naman ta kwantar da shi ƙashi a ƙasa kitse a sama, ta yadda ƙasusuwan za su tare zafi, kitsen kuma in ya narke ya riƙa gangarowa yana wanke tsokar. Ta lulluɓe da takardar alminiyan sako-sako, ta rufe. Ƙarfe takwas na safe.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne na faɗi a karon farko. Abu biyu ne a cikin nama, kuma wuta ba ta yi musu hukunci ɗaya. Akwai jan zaren tsoka, wanda da zafi ya haura digiri 60 yake fara tsukewa yana matse ruwansa waje. Akwai kuma farar jijiyar da ta naɗe kowane zare, wadda masana ke kira kolajin. Ita ce ke yawaita ta ƙara ƙarfi a jikin tsohon sa mai tafiya. Digiri 55 na littafina bai ko taɓa lafiyarta ba. Sai zafi ya wuce 70, ya kuma zauna can awa da awanni, sannan take narkewa ta koma wannan danƙon da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Wato akwai wani tsakani da naman ya fi kowane lokaci muni: ruwa ya fita, jijiya ba ta saki ba. Mai gaggawa a nan yake buɗe murfi, ya taɓa ya ji tauri, ya firgita ya ƙara wuta, ya ƙarasa kashe shi. Gwaggo a wannan lokacin tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

Sau biyu na kai hannu ga murfin, sau biyu ta ce, "Ɗan nan, me ka ajiye a ciki?" Murfin siriri ne, buɗewa ɗaya zafin da aka tara ya tsere, a sake jiran kusan kwata kafin ya dawo.

Wajen sha biyu da rabi aka ɗauke wuta. Ni gabana ya faɗi, ita ko gezau. Ta yafa wa tukunyar tsohon bargo, ta sa aka hura gawayi a kurfoti. Ta ce in wutar ba ta dawo ba nan da rabin awa, a juye naman a babbar tukunyar dalma, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. A zafin Kalabi da damshinsa ba a barin nama ya huce a rufe, lalacewa yake yi. Aka ci sa'a, kafin mu tafi masallaci fanka ta juya.

Da muka dawo daga Juma'a ƙamshi ya riga mu bakin ƙofa. Ƙarfe biyu da rabi ta ɗaga murfi karon farko. Ni na zo da ma'aunin zafi a aljihu, na soka a asirce, ya nuna 92. Ita tsinken tsire ta ɗauka, ta soka a tsakiyar tsoka, ya shige kamar a cikin man shanu. Ta duba bakin ƙasusuwan ta ga nama ya janye ya bar su tsirara misalin gaɓar yatsa. Ta kama ɗaya ta murɗa, ya juya a gurbinsa. Ta ce ya yi.

Sai dai kamanninsa ba na shiga taro ba ne, fari-fari, jiƙe, kamar dafaffe. A nan ne gawayin ɗazu ya yi rana. Launin ja-baƙi da ƙamshin gashi ba sa samuwa sai saman nama ya bushe zafi ya haura digiri 140, abin da wani masanin Faransa mai suna Luwi Kamil Mayar ya bayyana a 1912, masu tukuba kuwa sun daɗe da saninsa da hanci. Ta tsane naman, ta shafa masa kitsen da ya taso a kan romo, ta kifa shi kan jan garwashi. Kitse ya ɗiga, wuta ta yi tsalle, ta yayyafa mata ruwa da yatsu ba tare da ta ɗauke ido ba. Minti uku nan, minti uku can, duka-duka bai fi minti goma ba, sai ga shi ya yi jajir da baƙi-baƙi a gefe, yana ƙyalli.

Ko a nan ba ta bari an taɓa ba. Ta rufe shi da faranti na minti ashirin, don romon da ke cikinsa ya lafa ya yi kauri, kada wuƙa ta zubar da shi a kan katako. A wannan tsakanin ta tace ruwan kwanon, ta kwashe rabin man, ta murje albasar da ta narke a ciki. Aka kawo tuwon akasa daga maƙwabta, aka yanka tumatir da albasa da attarugu, aka zuba yajin ƙuli a murfin kwano.

Ƙasusuwan da hannu ta zare su, ɗaya bayan ɗaya, fes kamar an wanke. Sannan ta juya tsokar ta duba inda zare ya dosa, ta gitta masa wuƙa, yanka mai kaurin yatsa. Ta ware na maigida, ta ware na maƙwabciyar da ta ba da akasa, ta miƙo mini na gefe, wanda ya fi shan garwashi. Na sa a baki, harshe da ganɗa suka gama aikin kafin haƙori ya iso.

"Yaya, Malam mai littafi?"

Baki a cike, na kasa amsawa. Ta kwashe ƙasusuwan nan uku ta zuba a 'yar tukunya, ta ce wa jikarta ta sa a firij, gobe akwai miyar kuka.